Takan, Takan

Ba zan taɓa mantawa ba da wani darasin Hausa a ajinmu na sakandare a Karaye, inda kalma ɗaya tilo ta tona mini asiri. Ni ce fa yarinyar da ba ta magana a aji, amma take gyara wa mutane ƙugiyar ɗ da ƙ a zuci.

Malam yana koya mana bambancin shuɗaɗɗen lokaci da lokaci sabau, wato "ta yi" da "takan yi". Sai ya ce kowa ya tashi ya ba da labarin rana guda da ya yi da mahaifiyarsa. Ladidi, wadda muke zama benci ɗaya, ta faɗi yadda akuya ta cinye musu alala a hanyar Rogo. Aka yi ta dariya.

Da aka zo kaina na miƙe da ƙarfin gwiwa (nahawu ai gonata ce). Na ce, "Inna takan soya ƙuli-ƙuli, takan ajiye mini tunkuza."

"Wace rana?" in ji Malam.

"Ranar kasuwa takan..."

"Ke, ban ce takan ba. Ta. Rana ɗaya nake so."

Na laluba kaina. Ga ƙamshin man gyaɗa, ga zanenta mai ruwan ƙasa, amma babu rana ko ɗaya. Duk sun narke sun zama abu guda. Guda ce kawai ta tsaya daram, ranar da aka fito da ita a makara daga gidanmu na Tudun Kaya ina 'yar firamare, ita kuwa ba na ko leƙa ta.

Sai na ji bakina yana cewa, "Wata rana muna hanyar Rogo, akuya ta..."

"Malam, akuyarmu ce wannan," in ji Ladidi. "Ta nemi tata."

Aji ya kece da dariya. Har na gama makarantar sunana Takan. Malam bai san Inna ta rasu ba, ni kuma kunya ta hana ni faɗa, na gwammace a ce mini ɓarauniyar akuya.

Sai daga baya na fahimci abin. Yaron da ke gudun rana ɗaya mai zafi ba ya iya rufe ta ita kaɗai, yakan haɗa har da masu daɗin ya kulle.

Da na koma gida hutu na sami yayata tana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Yaya, don Allah ba ni labarin rana ɗaya da Inna. Ɗaya tak."

Ta yi murmushi. "Wannan ai mai sauƙi ne. Kin ga, da damina takan..."

Ta tsaya. Muka dubi juna, sannan kowa ta mayar da ido kan gyaɗa.

Yanzu in na ji yaro yana ta "mukan, mukan", ba na matsa masa. In kuma dole sai mutum ya ari uwar wani, to ya duba, kada mai ita na zaune kusa da shi.