Salansar da Na Kai Ta'aziyya Basirka

Ni da ko tarina ba a ji, na sa bakanike a Birnin Kudu ya ɗaura wa 'yar jar motata salansa irin ta motocin tsere. Ya ce, "Malama, wannan fa ihu take yi." Na ce masa waƙa ce, kunne ne ba shi da shi.

Washegari aka yi rasuwa a gidan su wanda zan aura, a Basirka. Na iso ana tsakiyar addu'a, na taka totur, salansar ta buga kamar bindiga. Liman ya ƙame, awaki suka watse. Gwaggonsa ta leƙo ta ce, "Wannan ce mai natsuwar?"

An dai yi auren. Amma har yau in aka yi tsawa, ƙannensa cewa suke, "A shimfiɗa tabarma, matar Yaya ta iso."