Ranar Da Guntuwa Ta Ɗauki Mai Girma

Jama'a, ku taya ni murna! Yau da hantsi Mai Girma ya shiga motata, har ya kira ni ɗan'uwa.

Ga wanda bai san Guntuwa ba, 'yar ja ce, ƙofa biyu da murfin baya, gindi kamar an datse da gatari. Na saye ta wajen injiniyan da aka kawo ya yi mana hanyar Anka zuwa Gummi. Aikin ya bi ruwa, shi kuma ya bi jirgi. Agogon gudunta har ɗari biyu aka rubuta, amma wata takwas ban taɓa sa mata giya ta huɗu ba. A wace hanyar? Sau biyar Barau bakanike yana ɗaure salansarta da waya. Ya ce, "Malam Namadi, wagga dokin sukuwa ta, kai ko ka kawo ta garin jakkai."

Kwana uku na yi a layin mai kafin na samu galan biyu, don in kai Inna asibitin Gummi a duba mata idon da ke neman rufewa. Mun wuce mararrabar Bukkuyum kenan sai ga kwalbati ruwa ya cinye, ga doguwar baƙar mota ta nutse a taɓo. A gefe, Mai Girma Sarkin Yanka Kirtani na tsaye yana duba agogo. Ashe wannan hanyar za shi buɗewa.

Gidaɗo makiyayi da 'yan'uwansa huɗu suka kewaye Guntuwa, suka ɗaga ta cak da Inna a ciki, suka dire a ƙetare. Gidaɗo ya ce, "Ai maraƙina ya hi ta nauyi."

Nan Mai Girma ya ratso taɓo ya dafa ni: "Ɗan'uwa, taimaki gwamnati." Na roƙi Inna ta bar masa gaba.

Ta ce, "Ba ni tashi. Shi da yay yi hanya, shi zamna baya shi ji daɗinta."

Haka muka naɗe shi da babbar rigarsa kamar tabarma, gwiwa a haɓa. Kowane rami sai kansa ya gaisa da rufin mota.

Dab da Gummi, Allahu Akbar, sai ga kwalta! Sabuwa fil, mil biyu, daidai inda masu hoto za su tsaya. Jama'a, mai ƙishirwa ya ga rijiya. Na sa ta huɗu. Na sa ta biyar! Guntuwa ta saki wata murya da ban san tana da ita ba, itatuwa suka koma zare. Inna na buga cinya: "Ƙara mata, Namadi!" Mai Girma ya saki Turanci ya kama salati.

Na ci birki gaban rumfa, makaɗa suka yi kaina da kirari. Aka zaro Mai Girma, ya yanka kirtani, ya shaida wa duniya hanyar ta kammala sumul tun daga Anka. Taɓo har gwiwarsa. Duk wurin ba wanda ya kai ni tafi.

Sai dai sukuwar ta shanye man tas. Da turi muka ƙarasa asibiti, aka ɗiga wa Inna magani, ta ce da ma a sake zagayen.

Mai Girma kuwa bai manta alheri ba: ya ba ni takarda a cika mini tanki. Mai gidan man ya karanta, ya miƙe tsaye don ladabi, ya ce kwana tara rabonsu da ko ɗigo. Amma ya sa aka tura Guntuwa gaban motoci saba'in.

Daga nan nake rubuto muku, ni ne na ɗaya a layin da babu mai. Wa ya ce ba a ciyar da talaka gaba?