Rasuwar Ruperta, Taraktar Gidan Tapiero, da Sunan Wanda Ya Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙora a cije, ni Ermelinda Tapiero ta ƙauyen Los Caimos, a madadin mijina Abundio Yara da 'ya'yanmu da duk wanda ya taɓa cin shinkafar gonarmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar taraktarmu, Ruperta. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a cikin babbar hanyar ruwa ta bayan gidanmu, kanta a ƙasa, gindinta a sama.

An saba a irin wannan sanarwa a ce "bayan gajeriyar rashin lafiya". Ni ba zan ce ba, don ba a yi mini tarbiyyar ƙarya a kan mamaci ba. Kashe Ruperta aka yi, ido na ganin ido, kuma wanda ya kashe ta shi ne Fulgencio Oyola, mijin ƙanwata Nohemí, mai shagon gyaran fanka da rediyo a bakin titi. Na kawo sunan cikakke don kada a ɗauki alhakin wani Fulgencio.

Marigayiya ta zo gidanmu tun ina budurwa. Mahaifina, Don Celedonio, ya sayo ta a hannun wani manomin auduga a Espinal, ta riga ta sha jiki, jan fentinta ya koɗe. Ya raɗa mata sunan gwaggonsa, domin a cewarsa dukansu biyu sai sun yi tari kafin su gaisa da mutum da safe. Haka take kuwa. A murɗa makulli ta ce "gir-gir-gir", ta yi kaki, ta furzar da baƙin hayaƙi, sannan ta daidaita murya: "fut-fut-fut-fut". Da wannan muryar na yi aure, da ita na yaye 'ya'yana.

Ta yi huɗa, ta yi kaftu, ta ja buhuna. Shekarar da kogi ya cika ya shanye gada, ita ta ratsa ruwa da mahaifiyata kwance a tirela har asibitin Saldaña. Ta ciro motar Fada, limamin cocinmu, daga taɓo ba sau ɗaya ba. Duk bikin San Juan ita ke jan makaɗa, an ɗaura mata ganyen ayaba kamar amarya. Tana da aibunta, ba zan ɓoye ba. Tana shan baƙin mai fiye da kima, fitilarta ta hagu ta daɗe da makancewa, kuma ba ta son a yi mata gaggawa. Amma ba ta taɓa taka ko ɗan tsako ba.

Dalili kuwa, mai taka-tsantsan ce. A ƙarƙashin sandar giyarta akwai wani ɗan makunni, bai fi babban yatsa ba. Muddin giya ba ta firi, wannan makunnin ba ya barin wuta ta isa sitata, ko mutum zai kwana yana murɗa makulli. An yi shi ne don kada inji ya tashi ya bi ta kan mai shi. Baba yakan ɗan buga wurin da yatsa ya ce, "Wannan ɗan abin ya fi rabin mazan ƙauyen nan hankali." Lokacin ban san surukina yake kwatantawa ba, don Nohemí ba ta ma kawo shi gida ba tukuna.

Ciwon ajali, in har za a kira shi ciwo, ya fara ranar Litinin. Layin ban ruwanmu ya matso, gona kuma ba a huɗe ba, kowa ya san in ruwa ya zo ya tarar da ƙasa a daskare wucewa yake yi gonar gaba. Abundio ya hau, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru. Fitila na kamawa, oda na kuka, amma sitata ko motsi. Mijina mutum ne mai sanyin hali. Ya kwance kan batir ya goge, ya duba fis ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu wanda ya ƙone, sai ya goge hannu ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Gobe in je gari in ɗauko Don Leovigildo." Don Leovigildo shi ne bakaniken da ke duba ta tun zamanin Baba.

Da an bar maganar a nan, da yau ba ku karanta wannan takarda ba.

Sai ga Fulgencio. Ba wanda ya kira shi. Ƙamshin miyar kaza ya jawo shi, kamar kullum. Ya ci ya ƙoshi, ya sha kofi, ya leƙa rumfa ya ga Abundio tsaye yana kallon inji.

"Haba Yaya Abundio," in ji shi, "da ni a dangi za ka je gari neman mai gyaran wuta? Wuta ai wuta ce. Ta fanka da ta tarakta duk uwarsu ɗaya."

Ya ce batir ne. Ya kwanto na motarsa ya ɗaura, Ruperta ba ta tanka ba. Ya ce sitata ce ta maƙale. Ya ɗauko guduma ya yi ta dukan baiwar Allah a haƙarƙari, "ƙwal, ƙwal, ƙwal", har na fito daga kicin na ce, "Fulgencio, gyara kake yi ko tsohuwar gaba ce tsakaninku?" Ya ce makulli ne. Ya zaro wayoyi daga bayan sitiyari, ya yanke wata, ya ɗanɗana wata da harshe. Daga ƙarshe ya haye kujera ya yi ta wasa da sandar giya, gaba, baya, hagu, dama, kamar mai tuƙa tuwo, sannan ya sauko ya ce sai ya kwana da matsalar a ransa.

Washegari Abundio ya sa takalmi zai tafi gari, sai ga Fulgencio ya dawo da wata doguwar sukudireba a hannu, yana murmushi.

"Na gano ta," in ji shi. "Wani ɗan makunni ne ke tare wuta. Don matsorata aka yi shi. Tsallake shi za mu yi, mu ba sitata wuta kai tsaye."

Na ce, "Ka duba giya? Jiya kai ka yi ta juya ta."

Ya yi dariya, ya dubi mijina, ya ce, "Yaya Ermelinda, ke dai je ki duba tukunya."

Ina roƙon masu karatu su riƙe wannan magana. Ni na riƙe ta.

Ya tsaya daidai gaban babbar tayar baya, ya sunkuya, ya haɗa ƙarafa biyu na jikin sitata da bakin sukudireba. Wuta ta yi tartsatsi. Ruperta ta ce "gir", ba ta ma tsaya yin tarinta na al'ada ba, ta yi kururuwa ta zabura. Tana cikin giya, inda ya bar ta. Tayar nan da ta fi ni tsawo ta nufo bayansa. Abundio, mai jikoki, mai ciwon gwiwa, ya yi tsalle ya cafki wuyan rigarsa ya wurgar da shi gefe, ƙarfen kan taya kuma ya daki mijina a kafaɗa ya kayar. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye.

Ruperta ta fita ita kaɗai, ba kowa a kujera. Ta tsinke igiyar shanya ta tafi da zanin gadona a goshi. Ta ratsa akurkin kaji. Ta kauce wa bishiyar mangwaro da ɗan kaɗan, kuma har gobe ina cewa da saninta ta kauce. Na bi ta da gudu ina kiran sunanta kamar za ta ji. Ta hau gaɓar hanyar ruwa, ta ɗan tsaya a sama, ta sunkuya, ta faɗa. Injin na ci gaba da aiki a cikin ruwa. Muryarta ta ƙarshe ita ce "fut... fut... gulub", sai wani "ƙwas" daga can cikin cikinta. Daga nan sai kumfa.

Na juyo. Mijina na kwance a ƙasa yana nishi, hannu ya saki. Kaji na ta watsewa. Fulgencio ya miƙe, ko ƙwarzane babu a jikinsa, ya karkaɗe wando, ya dubi hanyar ruwa, ya ce:

"Kun gani ko? Ai na ce zan tayar da ita."

Allah ya taimake shi, ludayi ne a hannuna ba adda ba.

Don Leovigildo ya zo ranar Laraba bayan an jawo gawa gaɓa. Ya buɗe ta a hankali, ya duba cikinta. Inji ya shaƙi ruwa yana gudu, wani ƙarfe ya lanƙwashe ya fasa jikin injin ya leƙo waje. Irin nata kuwa an daina ƙerawa tun kafin a haifi autana. Sannan ya tura hannu ƙarƙashin sandar giya, ya zaro wata 'yar waya da ke shiga makunnin nan. Bakinta ya yi kore da tsatsa, ta ɗan zame daga mazauninta. Ya kankare ta da wuƙar aljihu ya nuna mini.

"Doña Ermelinda, ga duk ciwonta. Da na zo jiya, kafin kofina ya huce ta tashi."

Ya cire hula. Ni ma da ina da hula da na cire.

Marigayiya ta rasu ta bar garma guda, wadda ke jingine a rumfa ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta bar tirela da tayarta ɗaya a sace. Ta bar durom ɗin man da aka cika dominta. Ta bar wata jar kaza da ta saba yin ƙwai a ƙarƙashin kujerarta, yanzu tana zagaya rumfa tana ƙorafi. Ta bar Abundio da ƙashin kafaɗa a karye, hannu rataye a wuya, sai na ɗaura masa maɓallin riga. Jiya na same shi zaune a inda take kwana, yana kallon tabon mai a ƙasa. Ta kuma bar gona a bushe, ciyawa na tsiro.

Muna godiya ga duk waɗanda suka zo ta'aziyya. Amma ina roƙon masu cewa "a gode Allah ba a rasa rai ba" su sani na gode masa, na kuma kunna kyandir a coci, saboda ran Abundio. Ɗaya ran da aka ceta kuma, ina nan ina nazari. Labari ya iso mini cewa yana zama a shagon giya yana gaya wa mutane wai dama Ruperta ta tsufa, wai ko bai taɓa ta ba kwananta ya ƙare. Wai har yana cewa shi ma ya ji ciwo a zuciya. To, ya kwantar da hankalinsa. Za a nema masa ciwo a inda kowa zai gani.

Nohemí ta zo shekaranjiya da kwanon tamal, ƙullin masarar nan da ake dafawa a ganye, idanu jajur. Na ɗauka roƙo ta zo yi wa mijinta, na riga na shirya amsa. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri."

Na ce, "Ba ke kika yi mini ba."

Ta murza bakin siket. Can ta ce, "Kin tuna injin wankina da na ce miki tsawa ce ta ƙona shi?"

"Na tuna."

"Ba tsawa ba ce. Firjin ma ba tsawa ba ce." Ta share hanci. "Yaya, duk abin da kika yanke, ina bayanki. Ki dai bar mini shi da numfashi, yara na sonsa."

Mun ci tamal ɗin tare. A nan aka tsara abin da ke tafe.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an fito daga coci. Fada ya ce ba ya yi wa inji addu'ar mamaci, amma ya yarda zai sa wa shanun da za su ja ta albarka, ya kuma yi alkawarin huɗuba a kan mutanen da ke sa hannu a abin da ba su sani ba. Bijiman Don Ismael Prada ne za su ja gawa. Ba za a bi gajeriyar hanya ba. Za a bi ta bakin titi, a tsaya a ƙofar wani shagon gyaran fanka, makaɗa su yi taken baƙin ciki har sai duk mai rediyo ko fanka a ciki ya samu damar shiga ya ɗauko kayansa. Daga nan a wuce da ita gindin mangwaro, inda za ta huta. Akwai kofi da burodi ga kowa. Kujeru na manya ne da masu juyayi na gaskiya, wanda ya san kansa ya zo da ƙafafunsa.

Bayan an watse za a raba gado. Kujera ta Abundio ce, zai sa ta a baranda. Batir na Don Leovigildo ne. Tayoyin gaba na makarantar ƙauye ne, yara su yi lilo. Ni sitiyari kawai nake so.

Saura aikinta, wannan kuwa na Fulgencio Oyola ne shi kaɗai, ba mai tsaya masa. Masu rabon ruwa sun tausaya mana sun mayar da layinmu ƙarshe, don haka yana da lokaci, amma ba mai yawa ba. An saya masa sabuwar fartanya, an sa mata ƙota mai kauri. Ba ta da waya, ba ta da makunni, babu abin da zai tsallake. Gona ta fara daga bayan rumfa ta ƙare a inda idonsa ya daina gani. Nohemí za ta tashe shi da asuba ta rako shi har bakin kunya. Ni kuma zan kawo kujerata in zauna a inuwa in ga yadda aikin ke tafiya, in ya gaji in ba shi shawara.

Allah ya jiƙan Ruperta. Allah ya ba Abundio lafiya. Allah ya ba Fulgencio tsawon rai da ƙarfin baya, don akwai gonar masara ma a hayin kogi.

Sanarwa daga Ermelinda Tapiero, a madadin iyalai.