Halliru da Buhun Dusa

"...da shanun kuma? Ko iska ta kwashe ku tare?" in ji Baba Kura, yana riƙe da hannun Halliru.

Ranar kasuwar Gwiwa ce. Baba Kura Babarbare ne mai sayar da dusa da kanwa, Halliru kuwa Bafulatani, saboda haka tun zamanin da ake zuwa kasuwar nan a kan jaki ba su taɓa gaisawa babu tsiya ba. Sai dai yau hankalin Halliru ba ya jikinsa. Tun da ya yi jinya da damina, ɗansa Ashiru ya kafe sai an sayar da shanun, tsohon ya koma wurinsa a Kazaure, tunda ko buhun dusa ba ya iya ɗorawa a babur. Shi ne Halliru ya cika gwangwanayen fenti biyu da siminti, ya soka musu bututun ƙarfe, yake ɗagawa kullum a bayan garke. Yau kuma Ashiru zai zo da dillali.

"Sake ni, bawana," in ji Halliru. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa hanya.

"Kana ta safa da marwa kamar saniyar da ƙuda ya shige wa kunne. An ce ka zama ɗan dambe. Ina damtsen?"

Halliru ya zaro wani zare daga aljihu, ya naɗa a hannu. "Da shi na auna ran farko. Dubi. Ko ƙwayar gero bai ƙaru ba."

"Bafillace da damtse? Kakanka in ya tsaya da sandarsa, ba a gane wanne ne sandar."

"Naka fa, da aka tsattsage wa fuska don kada ya ɓace mana a kasuwa?"

"To gwangwanayen, har yanzu suna kayar da kai?"

"Sun yi sauƙi ƙwarai," in ji Halliru, ransa a ɓace. "Simintin ne ya gama bushewa. An cuce ni."

Baba Kura ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya sunkuya ɗauka, sai ya hango Ashiru da dillali suna sauka daga babur. Nan take ya ɗaure fuska, ya ɗora ƙafa a kan wani cikakken buhu.

"Tashi mini daga rumfa. Me marar shanu zai yi da dusa? Ni zan saye garken. Kullum da safe ka zo ka tatsar mini, in ba ka ragowar fura."

"Babarbare da saniya? Wallahi ko akuya ta fi ƙarfinka!"

"Taɓa buhun nan ka gani, tsinke!"

Halliru ya ture ƙafar, ya sungumi buhun, ya saɓa a kafaɗa yana ta zazzaga masifa, ya je ya dire shi a kan baburinsa. Ya juyo ke nan zai ƙarasa zagin, sai ga Ashiru tsaye, baki sake. Dillali kuwa har ya fara waigen inda zai sami wani ciniki.

"Baffa," in ji Ashiru, "kai ne?"

Halliru ya dubi buhun, ya dubi hannuwansa.

"Ita ma dusar bushewa ta yi, ko?" in ji Baba Kura, yana share hawayen dariya. Ya damƙa masa dunƙulen kanwa. "Na sallama, ubangidana. Kai wa shanunka. Zaren nan kuma ba ni, in ɗaure bakin buhu."