Rasuwar Sajan, Mai Miƙe Hannun Makaɗi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu ɗaya da rabi, ni Ayantunji, makaɗin kalangu na unguwar Oje a Ibadan, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Sajan, injin motsa hannu, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a tsakar gidanmu, bayan jinyar da ba ta kai a tafasa ruwan shayi ba.

'Yata Morenike ce ta aiko shi daga Ingila cikin kwali, bayan ɓarin jikina na hagu ya shanye. Marigayin mai tsare lokaci ne, ba ya karɓar uzuri. Kullum da safe a ɗaure hannuna a jikinsa, ya ɗaga, ya lanƙwasa, ya miƙe, ina zufa ina zaginsa, bai taɓa ramawa ba. Iyakar maganarsa "tiit, tiit," sai muryar wata Baturiya da ke zaune a cikinsa tana cewa in sake. Ko an ɗauke wuta, da batir yake ci gaba da gana mini azaba. Allah ya sani ba malalaci ba ne.

Shi kaɗai ya tsaya mini lokacin da dangi suka yanke cewa in bikin dodanni na Egungun ya zo hannuna bai iya matse igiyoyi ba, kalangun mahaifinmu zai koma wurin ƙanena Ayanbode. Ayanbode kuwa tuni ya kai kalangun ɗakinsa, wai kada ya yi ƙura. Kullum sai ya leƙo: "Yaya, ya jiki? Huta abinka, girma ya zo. Ko injin za ka ba ya yi mana kiɗan?"

Ga yadda ajali ya sauka. Ranar Talatar nan yatsuna biyu suka motsa. Babbar yayarmu Ashabi ta gani, ta hau rawa. To a gidanmu duk abin da ya yi wa makaɗi hidima ana ciyar da shi. Ta ce, "Wata da watanni bawan Allahn nan yana wahala a kanka, ko ruwa ba ku ba shi ba? Wane irin gida ne wannan!" Kafin in buɗe baki ta kwarara masa ludayin manja a gwiwar hannu, ta ƙara na biyu, kada a ce mun yi rowa.

Marigayin ya ja "tiiiit" mai tsawo. Baturiya ta yi shiru. Hayaƙi ya tashi da ƙaurin ƙonannen ƙosai, hannuna kuwa yana ɗaure a ciki. Yaya Ashabi ta ruga neman ruwa. Ayanbode ya ruga kawai. Ni dai na ga hannun da likitoci ke ta lallashi ya fizge kansa daga maɗauri, har ya kai wa marigayin mari. Ina fatan ya yafe.

Ya bar caja ɗaya, da takardar bayani da ba wanda ya taɓa karantawa, da Morenike, wadda har yanzu ba a gaya mata ba. Duk wanda ta kira, ya ce Sajan yana hutawa.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da safe zuwa shagon mai gyaran rediyo a kasuwar Ogunpa, inda za a raba sassansa ga mabukata. Anko shuɗi ne, Yaya Ashabi ta zaɓa, tana kuka. Akwai amala da miyar ewedu bayan an dawo.

Kiɗan rakiya ni zan yi. Ana roƙon Ayanbode ya dawo da kalangu kafin Juma'a. In ya yi masa nauyi, zan zo in ɗauka da kaina, da hannun hagu.