Kofin Kaka da Sabuwar Gada

Kaka tana tsakiyar cika kofin gilashin nan na bakin taga, kamar kowace safiya, hannunta ya ci amanarta. Ruwan ya kawo baki, ya yi ɗan tozo yana ƙyalli, sai yatsunta suka kama rawa, butar ta karkata, ruwa ya malala a kan farin ƙyallen da ke ƙarƙashin kofin. Ta tsaya tana kallon danshi yana cin ƙyallen a hankali.

Kofin nan ba na sha ba ne, alƙali ne. Tun da aka fara maganar sauya tsohuwar gadar babbar hanya da ta ratsa ta bayan gidanta, babban ɗanta ya kafe sai ta koma wurinsa, wai bango ya tsufa, girgizar injuna za ta iya rufto mata da shi. Ita kuwa ta ce ɗakin nan aka kawo ta, a nan ta yi goyo, a nan ta rufe idon mijinta, babu inda za ta. Jikanta, wanda yake cikin injiniyoyin aikin, shi ya raba gardamar. Ya ce a riƙa cika kofi fal a kan farin ƙyalle, duk ranar da aikinsu ya girgiza gidan har ɗigo ya zuba, ranar za ta ɗaure kaya. Aka yi wata da watanni ƙyalle bai jiƙe ba. Jiya aka gama aiki, yau ɗan nata zai zo dubawar ƙarshe. In ta ce gada ce ta zubar, ta tashi. In ta ce hannunta ne, ta tashi ɗin dai, don ba zai bar mai rawar hannu ita kaɗai da wutar girki ba.

Ta miƙa hannu za ta janye ƙyallen ke nan ta ji sallama a bakin ƙofa.

"Uwargida, ko har yanzu munshari ake yi?"

Ta yi maza ta juya, ta kare tagar da bayanta. Jikan ne, hular kwano a hammata, ƙura har cikin gira, da wata leda a hannu.

"Wa alaikumus salam. Wane ne wannan? Ban aika a kira mini mai yasar kwata ba."

"Mijinki ne ya dawo daga ɗaukar gada."

"Mijin da ya kwana biyu bai leƙo ba, ya dawo yana warin siminti. Allah ya raba ni da wannan aure."

"Ki dai leƙa taga ki ga aikin maza."

"Na leƙa tun asuba. Tsohuwar ce kuka shafa wa fenti."

"Haba, tsohuwa."

"To in ba haka ba, ina ƙarar? Mutum ya rushe gada ya kafa wata, ban ji ko dukan guduma ba. Mai kanti bai rufe ba, yara ba su fasa makaranta ba, manyan motocin da aka ce za su biyo layinmu su cinye mana bishiyoyi ban ga ko ɗaya ba. Wannan aikin injiniyoyi ne ko na ɓarayi?"

"Na masu tsoron bakinki ne. Ramukan ginshiƙai murɗa su muka yi, ba mu daka ba. Sabuwar a gefen tsohuwar muka gina ta, motoci suka koma kanta, sannan muka yanka tsohuwar gunduwa-gunduwa muna sauke ta kamar ana sauke marar lafiya daga gado. Jiya kuma muka turo sabuwar ta zauna a mazauninta."

"Wa ya tura?"

"Ni mana. Da kafaɗar nan."

"Kai da ko tunkiya ba ka iya turawa ta shiga garke. Na san ka tun kana faɗuwa daga kan tabarma. Faɗi gaskiya, da me ta zame?"

Ya sosa ƙeya yana murmushi.

"Ba ka da baki? Da sabuluna ta zame. Shekaranjiya ka faɗo mini kicin kamar an koro ka, ka wawuri sabulun wanke-wankena ka fice, ko gaisuwa babu."

"Namu ne ya ƙare muna shafa wa farantan ƙarfen da za ta zame a kai, kanti kuma a rufe ana sallah. Aro na yi. Ga sabo ma na kawo miki."

Ya zaro kwalbar daga leda. Kaka ta dube ta a wulaƙance, ba ta karɓa ba, don hannunta na dama yana ɓoye cikin mayafi.

"Nawa mai ƙamshin lemo ne. Wannan ko kare aka wanke da shi sai ya kai ƙara. Ka riƙe abinka, ni gadar nake so, tunda sabuluna ya kai ta. Gobe zan kai kujera in zauna a bakinta, duk direban da zai wuce sai ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni."

"Cunkoson da muka hana wata da watanni, ke za ki haɗa mana shi kafin azahar."

"Su jira. Ni ma na jira ubanka ya yi hankali, har yau ina jira."

"Af, kin tuna mini. Baba yana tafe, na baro shi yana neman inda zai ajiye mota. Matsa in gaida alƙali kafin ya shigo."

"Alƙali yana hutawa."

"Tun yaushe kika fara tarbar miji a tsaye? Ina maficin da ake dukana da shi?"

Bai jira amsa ba, ya leƙa ta saman kanta, don ya daɗe da kere ta a tsawo. Ya ga ƙyallen. Ya ɗaga ido ya dubi ɗan akwatin awon girgiza da ya manna mata a bango tun farkon aiki, wanda take kira ƙadangarensa. Koriyar fitilarsa tana nan a kunne, lafiya lau. Sai idonsa ya sauka a kan mayafin, inda wani abu yake motsi kamar tsuntsun da aka rufe a tafin hannu.

Daga nesa motoci suna bin sabuwar gada da wani sauti mai laushi, irin na ruwan sama da ya riga ya wuce unguwa. A ƙofar gida aka rufe murfin mota, muryar ɗanta ta tashi yana gaisawa da mai kanti.

"Ba gadarka ba ce," in ji Kaka, a hankali.

"Na sani."

Ya ajiye hular kwano a kan gado. Sai ya gyara murya, ya ɓata fuska.

"Wannan wane irin gida ne? Miji ya dawo daga aiki maƙogwaro a bushe, an tsaya ana yi masa gori a kan sabulu."

Ya zagaya ta, ya ɗauki kofin ya kafa kai, ruwa yana gangarowa ta haɓarsa har ƙirjin riga. Ya fizgi ƙyallen ya goge fuska da wuya, farin ya koma kalar ƙasa, ya jefa shi a kafaɗa.

"Ka shanye alƙali, marar ta-ido."

"Ya yi ritaya. In Baba ya tambaya, na sha, na goge fuska, ban yi ƙarya ba. Amma ni ma ina da shari'a da ke. Gobe da safe ni da ke za mu haye gadar taki, likita ya duba hannun nan. Ɗakin baya kuma da kika cika da tsofaffin kwanuka, yau zan kawo kayana. In ya so Baba ya ji labarin hannun daga bakinki, bayan ya ga akwai namiji a gidan."

"Ina namijin yake?"

"Ga shi a gabanki."

"Wanda zai cinye mini abinci ya sace mini sabulu."

"Shi fa."

Kaka ta ɗaga kai. Ta dubi bangon nan da ya sha hayaƙin girkinta, da tagar da mijinta ya kafa da hannunsa, komai yana inda ta san shi. Dariya ta ƙwace mata, irin mai tahowa da ƙwalla. Ta fito da hannun daga mayafi, ba ta ƙara ɓoye shi ba, ta kwance mabuɗin ɗakin baya daga bakin zaninta. Ƙullin ya ba ta wuya, shi kuwa ya kau da kai yana karanta rubutun jikin kwalbar sabulu har ta gama.

"Ungo, mummuna. Allah ya yi maka albarka, kai da masu hular kwanon nan duka. Na bar muku gadar."

"Har da kujerar?"

"Kujera tana nan, in kuka yi mini rashin kunya. Ɗauki sabulunka mai wari ka wanke mini kofina. Ni bari in tari ubanka, in gaya masa irin ƙaton da ya haifa mini."

Ta gyara mayafi, ta zura takalmi, ta ɗaga labule ta fita tana amsa sallamar ɗanta da ƙarfi.