Lemon Saiwoyi da Shaddar Alhaji

Bidiyo ɗaya na kalla a waya na zama gwanin haɗa lemon saiwoyi mai gas. Na dafa citta da kanumfari da saiwoyi, na zuba sukari da yis, na ɗura a kwalabe. Mai bidiyon ya ce a ajiye a wuri mai ɗumi. Ni kuwa, da yake ilimina ya fi nasa, na kai su baranda, a unguwar Satwa, a tsakiyar zafin Dubai.

Ana haka Alhaji, mahaifin yarinyar da nake nema, ya zo sarin kaya daga Kano, ya biyo ta wajena.

Na ce, "Baba, yau za ku sha abin da babu shi a kanti."

Na ɗauko kwalba ɗaya. Ina taɓa murfin ya daki silin, kumfa ta wanke masa farar shadda har hula. Ya shinshina hannun rigarsa a natse.

"Ɗana, yaushe ka fara sana'ar burkutu?"

Da ƙyar rantsuwa ta cece ni aka ba ni auren. Har yau in na je gaisuwa, ƙannen matata sai su ce, "Yaya, a kawo ruwa, ko ka taho da naka?"